Ɗigon da ke kan hanyar tsamiya

A gidanmu na Maraɗi, da an sallame magariba muke kewaye murhun Kaka Tasalla, tana gasa mana gujiya cikin toka. Ni take fara tsokana, wai mijinta rago ya zo cin banza. Tatsuniyoyinta duk mun haddace su, amma akwai labari guda da ba ta buɗe shi da gatanan, don ta ce wannan da idonta ta gani.

Lokacin babban yaƙin Turawa ne, tana zaune Jiratawa, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya sa ana kwashe hatsi a kai wa soja. Sai mutanen unguwarsu suka haƙa rami gindin wata tsamiya a daji, suka shimfiɗa ƙaiƙayi, suka binne geronsu. In aka gano ramin nan, yunwa ce har kaka. Kowa kan je ya ɗebo kaɗan, kuma duk hanya guda suke bi, don dajin ƙaya ne.

Wata hantsi tana tafe da ƙwarya a ka, jirgin soja ya ratsa sama. Ta tsaya cak tana kallonsa. Ashe shi ma kallonta yake.

Bayan kwanaki aka tara su a bariki. Kumandan ya shimfiɗa wata takarda bisa tebur, tafinta ya ce hoto ne, daga cikin jirgi aka ɗauka. Nan Kaka takan ajiye maficinta.

"Yara, na ga Gulbi kwance kamar igiyar guga. Ga Tsibiri, ga Maraɗi, tafin hannuna ya rufe su. Na ga rufin ɗakina."

Ga kuma wani farin zare ya fito daga unguwarsu, ya miƙe har tsamiya, ya tsaya. Sawunsu ne. A tsakiyarsa akwai ɗigo baƙi. Kumandan ya ɗora gilashi mai ƙara girma a kai, ya ce wane ne wannan, kuma me ake zuwa yi inda babu rijiya babu gona?

Maza duk suka sunkuyar da kai. Kaka ta matsa gaba.

"Ni ce. Nono nika kai ma Doguwa."

Ba ƙarya ta yi ba. Tsamiyar mazaunin iska ce tun kakanni, kuma ba ta taɓa zuwa ɗibar gero ba tare da ta zuba nono a gindinta ba. Aka tura gardi biyu, dogaran bariki, da diga da shebur su duba. Su ma 'yan ƙasar nan ne. Suka tarar da ƙwarya da busasshen nono a saiwa, suka kalli juna, suka koma suka ce babu komai. Geron ya kai su kaka.

Muna yara, jirgin ne ke ba mu mamaki, har mukan leƙa sama kafin mu shiga ɗaki. Yanzu da na tsufa, jikata ta nuna mini Jiratawa daga sama a wayarta. Na nemi tsamiyar, an sare ta, fili ya zama lambun albasa. Har yau abin na girgiza ni, ido a sama da ke ganin sawun talaka. Amma na fi jinjina wa matar da ta ga kanta ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero, ta ce ni ce. Ƙaramin cikin 'ya'yan nan huɗu shi ne babana.