Gadon da Muka Ɗauka a Kafaɗa

Shekarun baya da dama, wajen ƙarshen shekarun saba'in, lokacin ina aikin awon auduga a Funtua, na taɓa ƙera tirela da hannuna. Ko in gyara magana, da hannun abokina mai walda. Ni nawa baki ne da takarda.

Saboda mahaifiyata na yi ta. Ita 'yar wani ƙauye ce can bayan Gozaki, gidan Maguzawa. Yayanta ne ya raine ta bayan rasuwar iyayensu. Da ta musulunta ta auri mahaifina sai ya yi fushi, irin fushin da babu faɗa a cikinsa, babu kuma hucewa. Fiye da shekara talatin bai ce mata uffan ba. In ta aika goro, goron ya dawo. In ta je da ƙafarta, ya saɓi fartanya ya shige gona har sai ta tafi. Daga baya ƙafafunta suka riƙe, zuwan ma ya yanke.

Wata Juma'a ina matsa mata ƙafa ta ce, "Ka kai ni in ga Yaya. Ko bai tanka ba, idona dai ya gan shi."

Ina da tsohuwar mota ƙirar jif a lokacin, amma Inna ba ta iya dogon zama, sai kwanciya. Ga shi ban da tabbacin kawu zai ba mu masauki. Sai na ƙudurta yin tirela mai rumfa da jif za ta ja, wadda za ta iya hanyar daji, in an hana mu ɗaki mu yada zango a gindin bishiya da iyali. Na zana ta da ajami a bayan takardar siminti, kamu kaza tsawo, kamu kaza faɗi. Abokina ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Malam, wannan laya ce ko awo? Karanta mini."

Muka samo ƙafafun baya na wata mota da ta mutu, da sifirin ɗinta, muka ɗora ƙarfe da katako, muka ja tamfol a sama. A sati uku ta tsaya da ƙafafunta. Da ina da hankali da a nan muka tashi, tun rani bai ƙare ba.

Amma zuciyata ta ƙi zama. In na idar da sallar asuba, maimakon in zauna lazimi, sai in tsinci kaina ina zagaya tirela. Yau in ce a ƙara wurin ɗaure tulu. Gobe akwatin tukwane da murhu. Jibi a sauke ƙugiyar da ke haɗa ta da mota, ta yi tsawo. Matata ta ce ko Makka za mu bai kamata shiri ya kai haka ba. Yanzu na san ba tirelar ce ba ta gamu ba. Tsoro nake ji in kai tsohuwa har ƙofar yayanta ya sake juya mata baya, ni kuma ina tsaye ina kallo.

Inna ba ta taɓa yi mini gori ba. Kullum dai in na shiga gaishe ta sai ta ce, "Yaya amalanken naka?"

Abu na ƙarshe da na ƙara shi ne gado. Na ce a yi shi siriri, daidai mutum ɗaya, da sanduna biyu dogaye da suka zarce gaba da baya, domin mutum huɗu su zaro shi da ita a kai ba tare da an wahalar da ita ba. Abokina ya gama, ya ja da baya ya dube shi ya daɗe.

"Malam, wannan gadon kuwa..."

"Me ya same shi? Bai yi ƙwari ba?"

"Ya yi ƙwari," in ji shi, ya ci gaba da naɗe wayarsa.

Da Inna ta gan shi, ita ma ta dube shi ta daɗe. Sai ta ce, "Allah ya yi albarka. Yaushe za mu?"

Kafin mu tashi damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo. Muka ɗauki hanya da ni da matata da yara, da ƙanena, da abokina wanda ya ce ba zai bar aikinsa ya shiga daji babu shi ba. Muka bi ta Bakori, can gaba muka saki kwalta. Tirela ta yi abin kirki, ta bi ramukan keken shanu tana rangaji. Duk ramin da muka faɗa sai in tsaya in zaga in leƙa, har Inna ta ce, "Kai, tuƙa. In na mutu za a gaya maka."

Bayan azahar muka iso rafin da ke gaban ƙauyen. Da rani yashi ne zalla. Ranar ya kawo ruwa har cinya, mota ba ta isa ta shiga ba. Ga rufin gidajen muna hangowa a tsallake. Na yi ta kai da komo a bakin ruwa, ina zargin kaina da watannin da na ɓata.

Inna ta ce, "Ba don haka ka yi masa sanduna ba?"

Muka zaro gadon. Wani manomi da muka tarar a wurin ya kama sanda ta huɗu. Muna shirin ɗagawa Inna ta ce wa matata ta rufa mata mayafi har fuska, wai rana na dukanta. Muka ɗora a kafaɗa muka shiga ruwa. Ƙasan da santsi, ni kuma tsoron kada mu kayar da ita ya sa na kama hailala da ƙarfi, ƙanena da abokina suna amsawa.

Ban ga abin da muka zama ba sai da na ji kukan wata mata a tsallake. Mutum huɗu, dogon gado a kafaɗa, mayafi a rufe, ana hailala.

Wani dogon tsoho ya fito daga cikin dawa. Ya dube ni, na ga ya gane fuskar ƙanwarsa a tawa. Fartanya ta faɗi daga hannunsa. Bai jira mun fito ba, ya shigo ruwan da sanda yana tangaɗi, ya dafa gefen gadon. Na buɗe baki in yi bayani, ya riga ni.

"Auta," ya ce. "Haka za ki zo mini? Ni ne babba, ni ya kamata in riga ki. Goronki da nake mayarwa, ko sau ɗaya ban mayar da shi cif ba. Ina cire ɗaya in ɓoye. Ba ki ƙirga ba ne?"

Daga ƙarƙashin mayafi aka ce, "Ina ƙirgawa, Yaya."

Manomin nan saura kaɗan ya saki sanda. Kawu ya yaye mayafin, suka dubi juna. Sai ya ɗaga sandarsa ya nuna ni.

"Wannan ɗan naki ne? Ba shi da hankali."

"Shi ne mai ilimin cikinsu," in ji Inna.

Kwana shida muka yi. Ba a bar mu mun kwana a tirela ba, sai abokina da ƙanena da suka yi gadinta a tsallake. Bayan nan ta kai mu ƙauyen sau huɗu, duk da rani, kafin Allah ya karɓi kawu, Inna ta bi shi da shekara biyu.

Na daɗe ina tunanin wannan tafiya. Wata huɗu ina aune-aune, ban ga abin da na ƙera ba, mai walda ya gani a kallo ɗaya. Jinkirin da nake jin kunyarsa kuwa, shi ya kai mu lokacin da rafi ya cika. Bawa yana nasa, Ubangiji ya riga ya gama nasa. Har yau ban daina gaggawar banza da jinkirin banza ba, sai dai in abin ya motsa nakan tuna.

A hanyar dawowa daga wannan tafiya ta farko na tambaye ta, "Inna, kin san abin da za su zata da kika ce a rufe ki?"

Ta ce, "Rana ce ta dame ni."

Allah ya jiƙanta. Ni dai na san hadari ne ya rufe sama ranar tun safe.