Kifin da Yongdal Ya Juya

A gidan Gong Malsun ba a juya kifi a faranti. In an cinye gefen sama, sai a ɗaga ƙayar a hankali a ajiye, a ci na ƙasa yadda yake kwance. Haka ake yi a garin Tongyeong na Koriya a duk gidan da yake da mutum a kan teku, don an ce wanda ya kifar da kifi, jirginsa ya kifar. Malsun ba ta taɓa cewa ta yarda da zancen ba. Ba ta kuma taɓa juyawa ba.

Ita ce auta a gidan masu kiwon kawa, naman teku mai ɓawo, ta tashi da wuƙar ɓare ɓawo a hannu. Bayan aure ta buɗe ɗan shagon shinkafa da miyar kifi a bakin tashar jiragen ruwa. Mijinta Tak Yongdal walda yake yi a wurin ƙera jirage. Da ya ajiye aiki, sai ya sayi wani tsohon jirgi mai tafiya da iska, ya yi ta gyara har ya koma sabo. Tun daga nan shekararsu ta rabu biyu. Da sanyi ya tafi sai ta bar wa ƙanwar mijin shago, su tsallaka Japan, su bi ƙananan tsibirai suna kwana a tashoshin masunta. Kafin guguwar damina ta kankama sun dawo gida.

A cikin jirgi kowa da wurinsa. Yongdal yana baya riƙe da sitiyari yana ihu, ita tana gaba da igiya, ita ce mai tsalle kan katangar tasha ta ɗaure.

"Maman Hyeran, yi tsalle mana!"

"Matso da shi tukuna, Kyaftin. Ce maka aka yi kwaɗo ka aura?"

A hunturun da ya wuce ne ciwon ɓarin jiki ya taɓa shi. Bai kwantar da shi ba, amma hannun hagu ya yi nauyi, idon wannan gefen ma ya rage gani. Likita ya ce ya manta da tuƙi. 'Yarsu Hyeran ta zo daga Seoul, ta zauna kan tabarma ranar wata Lahadi ana cin abincin rana, ta ce abin da ta zo faɗa.

"Baba, a sayar da jirgin nan. Kun ga duniya, ya isa haka."

Yongdal ya gama da gefen kifinsa, ya sa tsinken cin abinci ya juya shi, gefen ƙasa ya kalli sama. Ya ci gaba da ci.

Hyeran ba ta ga komai ba, ta daɗe a birni. Malsun kuwa ta gani. Mutumin da ya taɓa korar surukinsa daga tebur a kan wannan abin, yau shi ne da hannunsa. Ta gane ba mantuwa ba ce. Sallama ce yake yi da teku.

Ta miƙa hannu ta mayar da kifin yadda yake.

"A gidan nan akwai jirgi," in ji ta. "Wanda ba ya so, ga ƙofa."

"Wa zai tuƙa?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Wadda ta shekara goma sha tana jin ihunka. Ko kurma ce ai ta koya."

"Mama, shekarunki fa!"

"Suna nan inda na ajiye su. Ci abincinki."

Ta shiga ajin neman lasisin tuƙa jirgi, ita kaɗai ce mai furfura a ciki. Ta faɗi jarrabawar ruwa sau ɗaya, ta koma ta ci. Yongdal ya ƙi raka ta. Amma da rana takan hango shi daga nesa a bakin tasha, hannu a baya, wai iska yake sha.

Da iskar bazara ta daidaita, ta loda shinkafa da tulun kimchi, kabejinsu na tsimi, ta ce masa za ta tafi, ya zaɓa. Ya zo da jakarsa yana gunaguni, wai ya zo ne kawai kada ta kashe masa inji.

Tsallakawar ba ta ba ta wuya ba. A tsakiyar teku fili ne, ƙyallen jirgi ya cika da iska, jirgi ya san hanyarsa. Aka buga musu fasfo a tsibirin Tsushima na Japan inda tashar take da faɗi. Abin da take jira shi ne wani ƙauye a tsibiran Goto inda Tsuyako take, matar wani masunci da suka saba sauka kusa da ita, wadda suke hira da hannu da dariya don babu mai jin yaren wata. Bakin tashar ƙunci ne, iska kuma tana turo jirgi daga gefe. In ta daki katanga a nan, Hyeran ta yi gaskiya, kuma Yongdal ba zai sake hawa ba.

Yanzu shi ne a gaba da igiya a hannun dama. Ta shigo a hankali, iska ta ture hancin jirgin, katanga ta yi nisa. Ba ta tilasta ba. Ta ja baya, ta zagaya ta fita.

"Ina kuma za mu?" ya ɗaga murya. "Koriya?"

"Riƙe igiyarka, yaron jirgi."

Karo na biyu ta shigo ta saman iska, ta kashe gudu da wuri, ta bar iskar da kanta ta jingina jirgin. Ya taɓa tayoyin katanga kamar an ajiye ƙwai. Yongdal ya jefa igiya, Tsuyako ta cafe tana dariya.

Ya daɗe yana duban tazarar da ke tsakanin jirgi da katanga, wadda ko yaro zai taka ya wuce.

"Ashe ana iya matsowa haka," ya ce.

"Ana iyawa. Ni dai aka mayar kwaɗo."

Da yamma Tsuyako ta kawo musu gasasshen kifi. Malsun ta yi kamar tana zuba shayi, idonta yana kan farantinsa. Ya cinye gefen sama. Ya danne wutsiya da hannun nan mai nauyi, ya ɗaga ƙayar da na dama, ta karye a tsakiya, ya bi ya tsince ta ɗaya bayan ɗaya.

"Kyaftin," ya ce da baki cike, "gobe wane tsibiri?"

"Wanke kwanukan tukuna," in ji ta.