Ƙofar Sikotlan a Bayan Gidanmu

Shekara bakwai ke nan da Baba Bitrus ya koma ga Ubangiji, kuma wai duk gidanmu ba a sami wanda zai rubuta masa waiwaye a jarida ba sai ni. Ni fa! Ni da na bar makaranta tun malamin lissafi bai gama riƙe sunana ba. Ƙanwata mai digiri tana nan, ta ce hannunta na ciwo. Ina zaune lafiya a shagona na cajin waya, sai ga saƙon Mama Rifkatu, matar marigayin: tunda bakina ba ya hutawa, bari hannuna ma ya taɓa aiki. Na so in zille, sai na tuna ƙosanta da na daɗe ina ci ba ko na gode. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. To ga askin, in na yanke muku kunne ku yi haƙuri.

Baba Bitrus ƙanin babana ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a nan Kafanchan. Yana saurayi aka tura shi kwas na 'yan watanni a Sikotlan, kuma wannan tafiya ba ta ƙare a bakinsa ba har ya mutu. Ya ce wata rana sanyi ya kusa kashe shi a tasha, sai wani saurayin Bature da ke tsaye cikin ruwan sama yana wa'azin siyasa ya saya masa shayi. Baturen ya ce ƙasarsu gida ɗaya take da wani babban wa, Ingila, kuma makullin gidan yana aljihun wan. Su ba faɗa suke nema ba, ƙofarsu kawai suke so. Baba Bitrus ya ajiye kofi ya ce, “Ashe har nan ma!”

Sunan Baturen da “Mak” ya fara, sauran kuwa sai mai mura zai iya faɗa. Mu dai Maƙwabci muke ce masa.

Tarihin Maƙwabci mun haddace shi fiye da na kakanninmu. Ɗan masunci ne. Ya tsaya zaɓe ya sha ƙasa, ya sake tsayawa ya sake sha, har mutane suka fara gaishe shi da “sannu da faɗuwa”. Haka dai Baba Bitrus ya ce, ni ban je ba. A ƙarshe ya shiga majalisa, sannan aka ba shi minista a gwamnatin yankinsu. Ranar da rediyo ta faɗi wannan labari, Baba Bitrus ya yanka zakara, ya sa kwat, ya zauna ana zuwa yi masa barka. Fastonmu ya iso da sauri da Littafi a hammata, ya ɗauka haihuwa aka yi.

To, gidanmu babban gida ne mai ƙofa ɗaya, makullin kuma yana hannun babana. Sashen Baba Bitrus yana can ƙurya, katangarsa ta ba hanyar Kagoro baya. In zai fita titin da yake jin ƙarar baburansa daga kan gado, sai ya ratsa tsakar gida, ya wuce turken awaki, ya gaida babana a zaure, sannan ya zagayo. Shi ya sa ya sa wa sashensa suna Sikotlan, zauren babana kuma Landan. In ya fito da safe sai ya ce, “Yaya, Landan ta kwana lafiya?” Babana ya ce, “Lafiya lau, ɗan tawaye.”

Shekarar da mutanen Maƙwabci suka yi ƙuri'ar zama ko rabuwa, Baba Bitrus ya ce mu ma sai an yi, kan ko a fasa wa sashensa ƙofarsa ta kansa. Aka kife kwanuka biyu a bayan rumbu, kowa ya je ya tura ɗan yankin citta ƙarƙashin wanda yake so. Inna Hajo, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ita aka naɗa mai sa ido daga ƙasar waje, don ba ta da dangi a cikinmu. Aka buɗe kwanuka, Sikotlan ta faɗi. Abin da ya fi daɗi, Mama Rifkatu da kanta ta ce a kwanon Landan ta jefa.

“Mai gida, in aka fasa ƙofar nan, abokanka 'yan siyasa za su riƙa shigowa su cinye min tuwo ba wanda ya gani. Yanzu ko ba komai suna jin kunyar Yaya.”

Na ɗauka zai yi fushi. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da labari ya zo cewa su Maƙwabci ma sun sha kaye, kuma mutumin ya koma ofis ya ci gaba da aikinsa na minista, sai Baba Bitrus ya je wajen babana ya ce shi ma a ba shi muƙami. Aka ba shi ministan ruwa da kwata. Ya yashe rijiya, ya yi mata murfi, ya gyara magudanar da ke cika mana ɗakuna kowace damina. Yana aikin yana kamfen. Faɗuwar gaba asarar namiji, in ji shi.

Da yau zai leƙo, zai tarar Sikotlan ta can ba ta fita ba, mu ma zancen a cire mu daga Kaduna a ba mu jihar kanmu yana nan inda ya bar shi, ana ɗumama shi kamar tuwon jiya duk lokacin zaɓe. Tashar da ya yi wa bauta, awaki sun fi jirgi zuwa. Amma na rantse da ya sami irin wayoyin da nake caji, da Maƙwabci ya canza lamba. Ban ma sani ba ko mutumin yana raye, ko ya taɓa tuna baƙin saurayin da ya saya wa shayi. Bai san yana da jam'iyya guda a Kafanchan ba, mai mamba ɗaya da zakara.

Abin da Baba Bitrus ya bar mana, in na auna, shi ne rijiyar da har yanzu muke sha, da kuma wannan hali na a yi gardama da safe a ci tuwo kwano ɗaya da yamma. Shekara da shekaru yana neman rabuwa da wansa, amma ranar da aka kwantar da shi a asibiti, hannun babana ya riƙe, ba na kowa ba.

Sai dai ya bar mana katangar ma. Yanzu gwiwoyin Mama Rifkatu sun ƙi. Kullum sai ta zagaya da kaskon ƙosai da bokitin kunu kafin ta kai bakin titin da ke bayan ɗakinta. 'Yarta da ke Kaduna ta ce ko dai a fasa ƙofa, ko ta zo ta ɗauke uwarta kafin Kirsimeti. Mama kuwa ba ta son barin zumuntar matan cocinsu da kabarin mijinta. Ni ma, tsakani da Allah, ba na son ƙosai ya yi ƙaura.

Yanzu haka da nake rubutun nan, birkila yana can yana fasa katanga, babana da kansa ke riƙe masa igiyar awo. Ga yadda aka yi.

Ran Lahadi bayan sujadar tunawa, aka taru a zaure. Mama ta kawo maganar ƙofa.

Babana ya ce, “Rifkatu, an yi ƙuri'a a gidan nan, ke ma da cittarki a kwanona.”

“Lokacin ina da gwiwa, Yaya. Kuma masu cinye tuwon sun bi marigayi, saura ɗanka mai cajin waya.”

Aka yi dariya, ni ban ga abin dariya ba. Babana dai bai saki ba. Muryarsa ta yi ƙasa, ya ce shi ba mugunta ba ce. Ƙaninsa ya tafi, gaisuwar safen da Mama ke yi masa in za ta wuce ta zaure ita ce ta rage masa. In aka fasa ƙofa, yau ita, gobe wani, jibi kowa ya kama gabansa. Ya ce, “Gida mai ƙofa biyu ya rabu, ko an so ko an ƙi.”

Mama ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta dafa sandarta, ta dube shi sama da ƙasa.

“Yaya, hancinka ma ƙofa biyu gare shi. Ka taɓa tashi da safe ka tarar ya bar fuska?”