Awon Ruwan Kwarin Gangara

Katsina zuwa Magama

Ana sallame asuba muka bar Katsina cikin Landirobar ma'aikata, ni da direba Malam Sale. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo, ko'ina aikin titi ake yi. Wani sabon titi zai binne fadamar lambu kusa da Magama, aka ce za a musanya wa manoman da wani kwari a Gangara. Ni aka tura in auna ko kwarin zai riƙe ruwa har rani.

Da hantsi muka isa. Baba Nomau, babban masu lambun, ya tarbe mu da fura.

"Malam, nan albasa muke yi har bazara. Can ɗin za ya yi?"

"Sai na auna, Baba."

Gangara

Kwana biyu muka yi a zauren mai unguwa. Lissafin ba wuya: abin da ke shiga, ruwan sama da na ƙorama, abin da ke fita, wanda rana ta sha, da wanda ƙasa ta tsotse. Na haƙa ramuka na cika su da ruwa. Gefen gabas laka ce, ruwan ya kwana. Yamma yashi ne, kafin in miƙe ya ƙafe. Saura ƙoramar, ita kuwa daga Nijar take gangarowa.

Bakin iyaka

'Yan kwastan namu hannu kawai suka ɗaga. A ɗaya gefen jandarma ya zaro ƙarfen haƙarmu daga bayan mota.

"Mi ne ne wanga? Man fetur kuka zo biɗa ƙasarmu?"

"Ruwa muke bi, ranka ya daɗe."

Ya duba takardunmu ya buga hatimi.

Tafiya kaɗan muka tarar da mafarin ƙoramar. Mutanen ƙauyen sun tare ta da ganuwar ƙasa, shanu na sha. Mai garin ya ce tun shekarar fari suka gina ta, ba kuma za su fasa ba. Ban roƙe shi ba. Na auna abin da ke tsallakewa, ɗan kaɗan ne, muka juyo.

Komawa

Na gaya wa Baba Nomau cewa gabas kaɗai zai yi lambu.

"Rabinmu ke nan," in ji shi. "To ka gaya musu haka, kada ka gyara."

Haka na kai rahoto, na nemi a karkatar da titin. Ba a karkatar ba. An zurfafa gabas aka raba, Baba Nomau ya bar wa masu ƙananan yara nasa kason, ya koma sayar da albasar wasu a kasuwar Jibiya.

Ran da muka dawo daga awon, mun shigo Katsina ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da mutanen Gangara da suka ciyar da mu ba su san abin da awon zai nuna ba.