Inda Mai Bidiyo Ya Tafi Cin Abinci

Babana ya yi shekara talatin yana yi wa shanu allura a sashen dabbobi na jami'a, a nan Samaru. Bijimin da ƙarti huɗu ke kokawa da shi, Baba kan dafa wuyansa ya soka masa allura yana fito. Amma ranar da likita ya ce yanar da ta rufe masa ido sai an yi aiki, sai na ga tsohon nan ya laluba kujera ya zauna. Wanzami dai ba ya son jarfa.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Muchiya. Mama ta rasu shekara biyu kafin nan, ƙanwata tana gidan mijinta a Jos, don haka kai shi asibiti a wuyana ya faɗa. Sau biyu muna zuwa ana maido mu. A gida jininsa lafiya lau, amma da zarar nas ta naɗa masa abin awo a hannu sai ya yi sama. Ta ce ba a taɓa ido da jini a haka. A karo na biyu likita ya ja ni gefe, ya ce idon hagu ma ya kama hanya, idan aka ci gaba da jan ƙafa Baba zai koma sai an riƙe masa sanda. Ya ba mu magani da mako uku, ya ce a nemo abin da zai kwantar masa da hankali.

"Ni fa ba tsoro nake ji ba," in ji Baba a cikin bas. "Abin awon nasu ne ya lalace."

"Duka na asibitin, Baba?"

"Duka."

Haushi ya kama ni, tsoro kuma ya fi haushin yawa. A makon nan ne ya tsaya a ƙofar gida ya gaishe da buhun masara da ladabi, yana zaton fasto ne.

Dabarar da ta zo mini ita ce fim. Akwai wani shagon hayar kaset a Sabon Gari, kan hanyata. Idan an tashi makaranta sai in zaɓo ɗaya in hau bas zuwa Samaru. Na fara da na Indiya, Baba ya tambaye ni abin da ya koro mutanen nan suke gudu a kan dutse. Na kawo na Legas, wata mata ta kurma ihu aka buga tsawa, ya zabura har ya zubar da shayinsa. Na 'yan Sin kuwa ko minti biyar bai yi ba.

"Uwata, kashe abin nan," ya ce. "Kafin idona ya kama mutum an riga an kashe shi."

Wata Asabar ruwan sama ya hana ni biyawa shagon. Na duba cikin kabad, babu komai sai kaset ɗin bikin ƙanwata. Wannan kaset yana da tarihi a gidanmu. Mai bidiyon da muka ɗauko daga Sabon Gari, wani mai tumbi, ya kafa kyamararsa a kan ƙafafunta tana kallon tsakar gida, ya tafi layin abinci ya manta bai kashe ba. A waje ana shigowa da amarya, matan zumunta suna rawa, shi kuwa kaset yana ɗaukar gindin mangwaro har kusan rabin awa. Ƙanwata ta yi kuka kamar ranta zai fita. Ni na je har shagonsa na wanke shi tas, ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce da guntuwar Hausarsa, "Madam, shinkafa ya yi daɗi ne." Tun daga nan, duk wanda ya sa kaset ɗin, da an zo wurin sai ya tsayar ya tura gaba. Ba wanda ya taɓa kallonsa.

Ranar ma na miƙa hannu zan tura, sai Baba ya ce, "Bar shi. Wannan ina gani."

Na bari. Ga mangwaro, ga turmi a kife, ga zane a kan igiya iska tana kaɗa shi. Kiɗan biki yana zuwa daga nesa, ƙasa-ƙasa. Baba ya jawo kujerarsa kusa da talabijin yana lissafa abubuwa ɗaya bayan ɗaya, yana jin daɗi kamar ɗalibin da aka tambaye shi abin da ya karanta. Wata kaza ta shigo ta dama, ta yi tunani mai tsawo, ta fita ta hagu. Ya raka ta da ido har ta ɓace. Ni dai ina hamma.

Can sai wata mata ta shigo da tire a hannu, ta ja kujera 'yar tsugunne ta zauna a gefen hoton, ta fara tsince shinkafa. Baƙi sun fi abinci yawa ranar, an sake ɗora tukunya.

"Mamarku ce," in ji Baba.

Ni mai ido biyu ban riga shi ganewa ba. Na ce, "Ta ina ka sani?"

"Wa ke zama ya miƙe ƙafa ɗaya haka in ba ita ba?"

Na tashi na shiga kicin na yi kukana. Na yi kewarta ƙwarai a wannan yammacin. Da na dawo na tarar da shi ya jingina, hannuwansa a kan ciki, yana numfashi a hankali. Rabon da in gan shi haka tun kafin a ambaci aiki.

Daga nan ya zama kullum bayan abincin rana, idan akwai wuta. Na mayar wa mai shagon haya kasusuwan bidiyonsa, ya tambaye ni ko mun tuba ne. Wani abokin Baba da suka yi ritaya tare ya zo ya zauna kallo, ya yi haƙuri na minti ashirin, sannan ya ce, "Wai yaushe za a fara fim ɗin?" Baba ya ce an kusa gamawa. Mutumin bai sake zuwa da rana ba.

Na shirya cewa ranar aiki za mu kalla kafin mu fita. Da gari ya waye aka ɗauke wuta. Na tsaya a gaban talabijin ina faɗa da masu wutar da ba sa ji na, har Baba ya ce mu tafi kar mu makara.

A kan bencin asibiti na riƙe hannunsa, na ji shi sanyi ƙalau, ga gumi. Mutum uku ne a gabanmu. Na san idan aka maido mu yau ba zai yarda ya sake zuwa ba. Ban san lokacin da na ce, "Baba, kazar ta shigo?"

Ya juyo kamar zai yi mini faɗa, sai kuma ya rufe ido. "Tukuna. Iska ce ke kaɗa zanen."

Haka ya bi shi daki-daki, bai tsallake komai ba, bai yi sauri ba. Matar da ke kusa da mu ta matsa kaɗan. Lokacin da nas ta naɗa masa abin awo, kazar tana tsakiyar tunaninta. Nas ta ce ya yi shiru, ya koma raɗa. "Yanzu Mamarku ta ja kujera," na ji ya ce. Nas ta duba, ta sake matsa iska ta duba, sannan ta ce, "Baba, tashi mu shiga."

Bayan an cire bandeji da 'yan kwanaki, likita ya yarda ya kalli talabijin kaɗan. Ba sai na tambaye shi wane kaset ba. Wannan karon bai lissafa komai ba har Mama ta zauna. Ta tsince shinkafa na ɗan lokaci, ta waiga dama, ta waiga hagu, ta kwance bakin zanenta ta ciro tsokar nama ta jefa a baki. Ni na daɗe da ganin wannan, na dai riƙe bakina.

Baba ya miƙe zaune. "Kin ga matar nan? Ranar nan ce mini ta yi ko ruwa ba ta sa a bakinta ba. Naman kwanona duka na juye mata."

Ya yi dariya har hawaye ya zubo daga sabon idon, ni kuma ina riƙe masa hannu don likita ya hana murzawa. Da ya lafa sai ya ce in mayar da shi baya.

"Zuwa ina, Baba?"

"Inda ta waigo. Ban ga fuskarta da kyau ba."