Yatsu Biyu a Gaban Motar Lantarki

Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Maris, ana gab da azahar, Allah ya karɓi ran Oga, bakaniken da ya shekara arba'in da ɗoriya a ƙarƙashin motocin jama'a, mijin yayata, uban 'ya'ya biyar. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai tattara ya koma. Mota ce ta matse shi da bangon garejinsa. Motar tawa ce, mai aiki da lantarki, kuma ni ne a kujerar direba.

Oga, yau kwana tara ke nan mutane na cewa motar ce ta zabura da kanta. Mai waldan garejinka ya fara faɗa, mai faci ya ɗauka, magana ta shiga gida ta samu wurin zama. Ni da na san yadda aka yi, na ja bakina na tsuke. Tsoro nake ji. Ina tsoron motar, ina tsoron ƙafata, amma wanda ya fi cin raina shi ne tsoron Yaya, matarka, wadda har yanzu ba ta san abin da na sani ba. Bari dai in fara da faɗin ko wane ne aka rasa.

Kai da kunne kake gyara. Mota za ta karyo kwana, kana kwance a ƙasan wata, sai ka ce filogi na uku ne ya mutu, kuma a buɗe a tarar haka ne. Na tuna wata malamar makaranta da aka faɗa wa sai an sauke injinta gaba ɗaya. Ta zo idonta jajir. Ka saurara, ka miƙa hannu ka ɗaure noti guda, ka ce ta yi sauri kada ɗalibai su watse. Ta tsaya tana jiran sauran aikin, kai kuwa har ka koma kan wata motar.

Kai ka koya mini tuƙi shekarar da ka auri Yaya. Auta kake kirana tun daga lokacin, har furfura ta cinye mini gemu ba ka canza ba. A gaban fasinja ma sai ka ce, "Auta, an sha nono kafin a fito?" Ban taɓa cin ka a wasa ba, bakinka ya fi sifanarka kaifi. A wancan koyon tuƙin muka ƙulla wata alama tsakaninmu. In na kawo maka mota, sai in sa giya a firi, ka tsaya a gabanta ka sunkuyar da kai, ka ɗaga yatsu biyu ka murza su. Ma'ana, ba ta wuta in ji. Ni kuma in taka totur, inji ya yi ruri, ka gano cutar. Shekara ashirin da shida muna haka, ba sai mun yi magana ba.

Da motocin lantarki suka shigo, tsararrakinka sun yi ta tofin Allah tsine, suna cewa an zo raba su da abinci. Kai kuwa, da shekarunka sittin da biyu, ka sayi littafi da biro ka je ka zauna a aji da sa'annin 'ya'yanka. Ka dawo da safar hannu ta roba mai kauri, kana yi mana bayanin waya mai ruwan lemo wadda ba a taɓa ta da wasa. Ka ce injin nan ba ya shan baƙin mai, ba filogi, ba salansa, abin da ke juyawa a cikinsa bai taka kara ya karya ba. Ka ce, "Zai rage mana aiki, amma zai bar mana huhu." Mun san inda ka dosa, domin tarin da hayaƙi ya saka maka ya yi shekara goma yana hana Yaya sukuni.

Da shawararka na sayar da tsohuwar motata ta haya na ɗauko wannan, wata takwas da suka wuce. Ban yi da na sani ba a lokacin. Na huta da layin gidan mai. Tana hawa tudu ba nishi, fasinja su yi barci a baya, maiɗakina ta daina cewa ina warin fetur. Amma ba ka taɓa ɓoye mini aibinta ba. Caji yana cin sa'o'i, in an ɗauke wuta sai dai in zauna in yi tagumi, kuma ranar zafi na'urar sanyi tana zuƙe batir kamar an huda shi. Ran da caji ya ƙare mini a hanyar bayan gari, ka bar aikinka ka zo. Ka hana a ja ta da igiya, ka ce haka yana lalata injin, ka nemo babbar mota aka ɗora ta. Duk hanya kana tsiya: "Da ta fetur ce, galan ɗaya ya raba gardama. To Auta, wuta a wace jarka za a zubo maka?"

Kai ne kuma ka fi kowa gargaɗi a kan shirunta. Ka ce motar fetur in tana raye kowa ya sani, wannan kuwa a kunne da a kashe duk ɗaya ne a kunnen mutum. Ka ce ƙarfinta ba ya jiran a tara shi, ana taɓa totur yake fitowa duka. Ka faɗa wa mai faci, ka faɗa wa mai walda, ni ka faɗa mini ya fi sau goma.

Ga yadda aka yi. Da hantsi na shigo gareji saboda wata 'yar ƙara da nake ji a gaba ta hagu in zan tashi. Na tsaya taku uku daga bangon da kake rataye sifanu. Motar tana riƙe birki da kanta in an tsaya, don haka na ɗauke ƙafata, ta yi tsit. Ban fitar da ita daga giya ba, ban kashe ta ba, domin babu wata ƙara da za ta tuna mini. Sauran mutane suna can baya wajen famfo. Ka fito kana goge hannu da tsumma, na leƙo ta taga na faɗa maka damuwar. Ka zagayo gabanta, ka sunkuyar da kai, ka ɗaga yatsu biyu ka murza su.

Na taka, Oga. Ƙafata ba ta yi shawara da ni ba. Abin da ta saba yi shekara ashirin da shida ta yi, kamar yadda hannunka ya yi abin da ya saba. Babu inji a wurin da zai yi ruri. Motar ce ta tafi gaba ɗayanta, da nauyin batirin nan da kake cewa ya fi ƙarfin jak ɗinka.

A bayan motar mai walda, muna gudu zuwa asibiti, ka riƙe tsintsiyar hannuna. Na zaci za ka ce wani abu a kan abin da na yi. Sai ka ce, "Ka kashe ta? Kada wani ya gifta." Ba ka sake magana ba.

Tun ranar ban taɓa sitiyari ba. An lulluɓe motar da tamfol, amma in zan wuce ta sai na ba ta tazara. A titi ina tafiya ina waiwaye, domin yanzu na san abu zai iya zuwa bayan mutum ba sallama. A gareji an kafa allo cewa ba a karɓar motar lantarki, har wasu na cewa da iska a jikinta. Shiruna ne ya kafa wannan allon, ya kuma ƙaryata duk abin da ka je aji ka koyo. Motar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka umarce ta ta yi. Sannan kullum in na shiga gidanka, Yaya ce ke miƙo mini ruwa, tana cewa, "Sannu Auta, kai ma Allah ne ya tsare ka." Sai in karɓa in ajiye ban sha ba.

Allah ya jiƙanka, Oga. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka kabarinka, ya haskaka shi. Duk wanda ka tayar wa da mota a kan hanya ya isa gida lafiya, Allah ya sa ladan a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka biyar, da 'yan'uwanka, da abokan aikinka, Allah ya ba su haƙurin wannan rashi.

Ke kuma Yaya, ke kika goya ni, ban san da wane baki zan yi miki ta'aziyya ba. Ba motar ba ce, ƙafata ce. Kafin kowa ya ga wannan takarda, zan kawo ta in durƙusa a gabanki in karanta miki da bakina. In kin iya duban fuskata bayan nan, na gode wa Allah. In kuma ba ki iya ba, ba zan ga laifinki ba, sai dai ina roƙonki ki bar ni in kai ƙarshen karatun. Allah ya ba ki dangana, ya jiƙan mijinki da rahama. Amin.