Eriyar Gwaggo Hindu

Mamuda Mai-Eriya mutumin Birnin Malam ne, amma Jega ta fi garinsu saninsa. Ubansa manomi, kakansa manomi, shi kuwa in an ba shi fartanya sai ya tsaya duba yadda aka sa mata ƙota, rana ta take bai kai ƙarshen kunya ɗaya ba. Da aka gaji aka sallame shi ya tafi Jega, ya zauna rumfar wani mai gyaran rediyo. Cikin rediyo bai taɓa shigarsa sosai ba. Abin da Allah ya ba shi waje yake: gora, waya da sama.

Yakan warware jan ƙarfe daga injin ban-ruwa da ya ƙone, ya miƙe shi daga kan gora zuwa reshen bishiya, ya sa bakin kwalba a kowane ƙarshe don kada itace ya sha maganar. Waya ta biyu kuma sai ya ɗaura ta a guntun ƙarfe, ya kafa a gindin randa inda ƙasa ba ta bushewa. Rediyon da jiya yake ƙara kamar ana suyar ƙosai, yau sai ka ji mutum yana magana kamar a bayan danga yake.

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, kasuwarsa ta buɗe. Kowa na so ya ji an ambaci garinsu a labarai. Daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, in ka hangi gora ta yi wa rufin gida tsawo, hannun Mamuda ne. Aibinsa ɗaya: ba ya yarda aiki ya ƙare. Mai gida zai ce, "Madalla, ta fito sarai." Shi kuwa sai ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya, ya ce, "Da saura kaɗan." Akwai gidan da ya sauke gora sau huɗu a yini guda, har mai gidan ya ɗauke tsani ya kai gidan maƙwabci.

Ƙanwar ubansa, Gwaggo Hindu, tana aure a Sabiyal. Mijinta ya rasu, ƙafafunta sun yi nauyi, ɗanta guda Jabir kuma soja ne, an tafi da su Laberiya raba faɗa. Jabir da Mamuda taubasai ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Kafin ya tafi ya saya wa uwar rediyo, ya ce wa Mamuda, "Kai bawana, ɗaura mata eriya. In ka tsaya saura kaɗan ɗinka, in na dawo kai zan rataye bisa gorar." Mamuda ya ɗaura, ta yi kyau. Kullum da safe Gwaggo takan zuba wa ƙarfen gindin randa moɗa guda na ruwa, tana cewa ita yanzu dabbobinta uku: akuya biyu da rediyo.

Wani gidan rediyo mai nisa yana da fili ranar Juma'a bayan la'asar, inda ake sa muryoyin sojoji suna gai da gida. Wani mako, a ƙarshen filin, aka karanta sunayen waɗanda za a ji mako mai zuwa, har da Kofur Jabir na Sabiyal. Wata goma sha huɗu ke nan Gwaggo ba ta ji muryar ɗanta ba. Ta sa aka sayo sabon batir, ta hana kowa kunna rediyon har ranar.

Ranar Juma'ar, Mamuda ya iso da hantsi a kan kekensa, da sabuwar gora ɗaure a gefe. Ya kunna, ya saurara. Tashar na fitowa, ana jin kowace kalma, sai ɗan shuu can ƙasa wanda ba mai kula da shi sai shi.

"Gwaggo, in na ƙara mata kamu biyu, sai ki ji numfashinsa ma."

"Mamuda, bar ta. Ina ji."

"Da saura kaɗan."

"Kai dai tun kana goye haka kake. Nono ma sai ka sake shi ka duba. Na ce ka bar ta."

Ya bar ta, har aka sauko daga Juma'a. Ya ci tuwo, ya zauna, idonsa na kan gorar. Mata sun fara taruwa a tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, an ɗora rediyon a kan turmin da aka kifa. Da Gwaggo ta shiga ɗaki alwala, sai ya tashi a hankali. A lissafinsa aikin bai kai a sha fura ba.

Ya haɗa sabuwar gora da tsohuwar, ya ɗaure da igiyar kaba, ya fara ɗagawa. Abin da ya manta, wanda shi da bakinsa yake gargaɗin mutane a kai, shi ne cire wayar daga bayan rediyo. Gorar ta kai rabi, ɗaurin ya zame, ta tafi ta bayan danga, wayar ta fizgo rediyon daga kan turmi ya bugi dutsen niƙa. Batura suka watse, kaji suka bi su.

Ya buɗe bayan rediyon. Ya hura, ya matsa, ya jijjiga. Ko suyar ƙosan babu. Wata mata ta ruga ƙarshen gari gidan da ke da rediyo mai kama tashar. Kafin a samo mai gidan daga gonar albasa, a kawo, a laluba, filin ya yi nisa. Suka ji wani soja yana gai da mutanen Zuru, wani na gai da matarsa, sai mai gabatarwa ya yi sallama. Jabir ne aka fara sawa.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta dubi matan ta ce su yi haƙuri an tara su a banza, ta ce a ba Mamuda ruwa ya sha, ya yi zufa.

Washegari ya hau keke. Ya san duk gidan da ya ɗaura wa eriya, don haka ya bi su ɗaya ɗaya yana tambaya wa ya ji Kofur Jabir. Wani mahauci a Jega ya rantse yaron ya gai da mahauta. Wani direban lodin albasa a Aliero ya ce ya tambayi yadda albasa ta yi bana. Wani tela a Maiyama ya ce shi dai ya ji an ce Sabiyal, sai keken ɗinkinsa ya cinye sauran. Kwana uku yana tsinta, yana zubar da abin da kowa ya ƙara don son ransa, har ya haɗa abin da baki uku suka yarda da shi. Ya koma ya durƙusa gaban Gwaggo.

"Ya ce yana gai da Inna. Ya ce lafiyarsa lau, abinci na isarsu. Ya ce a yi ta addu'a, kuma kada ki sayar da jar akuya."

Ta yi murmushi a kan akuyar. Sannan ta ce, "Da yac ce Inna, ya ja ta, ko ya datse?"

"Gwaggo?"

"In shina lahiya, jan ta yakai, Innaaa. In wani abu na damunai, sai ya datse ta gajera. Tun shina ƙarami. Wacce ya yi?"

Mamuda ya sake zagaye gidajen nan da wannan tambaya. Aka yi ta yi masa dariya. Wa ke auna tsawon Inna a bakin ɗan wani? Ya gyara rediyon, ya mai da tsohuwar gora daidai inda take, kowace Juma'a yana zuwa su zauna tare ko za a maimaita. Ba a maimaita ba. Da damina ta tsaya, Gwaggo Hindu ta kwanta kwana shida ta cika.

Bai bar sana'ar ba, don ba shi da wata. Ya yi ta har gidajen rediyo na kusa suka yawaita, ƙaramin rediyo ya koma kamawa ba gora ba waya, mutane suka mai da wayoyinsa igiyar shanya. Bai yi fushi ba. Yakan ce ko ba komai zanen Aliero ya fi na ko'ina jin labarai.

Jabir kuwa ya dawo bayan rasuwar da wata bakwai. Ya sami Mamuda a rumfarsa a Jega yana kankare waya da wuƙa. Jabir ya rame, ya yi baƙi. Bai ce bawana ba, Mamuda ma bai tsokane shi ba. Suka yi wa juna gaisuwar rashi, suka zauna a kan benci.

"An ce ranar da aka sa ni a rediyo kana gidan," in ji Jabir. "Ta ji ni?"

Mutanen Sabiyal sun rufa wa Mamuda asiri ke nan. Da ya ce e, ba mai tona shi. Ya ajiye wuƙar.

"Saƙonka ya kai. Ni na kai shi da bakina. Muryarka ba ta ji ba, kuma ni na hana." Ya ba shi labarin duka, har kajin.

Jabir ya dubi titi ya ce, "Ranar da suka ɗauki maganar, zazzaɓi gare ni, da ƙyar nake tsayuwa. Sau uku ina sa su sake, don kada ta gane. Kuma na san sai ta gane. Wataƙila ka hutar da ita ne."

"Ba ta ce in hutar da ita ba," in ji Mamuda. "Cewa ta yi in bar ta."

Jabir ya matsa a kan bencin ya ɗauki ɗaya bakin wayar ya riƙe masa, Mamuda ya ci gaba da kankarewa.